Kimiyya Cikin Tukunya: Rage Maiƙo da Gishiri a Miyar Dankali ta Italiya

A darasin ilimin halittu akan koya wa ɗalibai rabe-raben abinci, wato masu ba da ƙarfi, da masu gina jiki, da masu kare shi daga cututtuka. Sau da yawa ɗalibi kan haddace waɗannan don jarrabawa kawai, idan aka ajiye masa kwano a gabansa kuwa ba zai iya nuna wane ne wane ba. Saboda haka a wannan darasi za mu ɗauki tukunya guda ɗaya, mu bi abin da ke cikinta daki-daki, mu ga abin da za a iya cirewa ko a musanya ba tare da an lalata daɗinta ba.

Miyar da muka zaɓa ita ce ake kira Zuppa Toscana, ma'ana miyar Toskana, wani yanki a tsakiyar ƙasar Italiya. Ba irin miyarmu ta cin tuwo ba ce, shan ta ake yi da cokali kamar farfesu. Ana yin ta da dankalin Turawa, da sosej, da albasa, da tafarnuwa, da wani ganye ɗan'uwan kabeji mai suna kel, da romon nama, sannan a ƙarshe a zuba kirim ɗin madara. Abin lura shi ne a Amurka wannan siffa tata ta yi suna, musamman a gidajen cin abinci na Olive Garden, waɗanda aka buɗe na farkonsu a birnin Orlando a 1982. Miyar da manoman Toskana suka gada kaka da kakanni, wadda suke kira ribollita, wato "wadda aka sake tafasawa", ta farin wake ce da ganye da busasshen burodi da man zaitun, babu kirim a cikinta. Ashe ke nan mai son gyara miyar Amurkawa ba sai ya yi nisa ba wajen neman abin koyi.

Ina matsalar take?

Ba a dankalin take ba, ko da yake shi aka fi ɗora wa laifi. Dankalin Turawa, wanda asalinsa daga tsaunukan Andis na Kudancin Amurka ne kafin Sifaniyawa su kai shi Turai a ƙarni na 16, kusan kashi 80 cikin ɗari nasa ruwa ne. Giram 100 na ɗanyensa na ɗauke da kalori wajen 77, da sinadarin potasiyam fiye da miligiram 400, da bitamin C, maiƙo kuwa kusan babu. Matsalar tana ga sosej da kirim.

Sosej niƙaƙƙen nama ne da aka cuɗa da kitse da gishiri da kayan ƙamshi, aka ɗura a cikin hanji. Na Italiya da naman alade aka saba yin sa, shi ya sa ma wasu ƙamusoshi ke fassara kalmar da "tsiran alade", kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mafi yawan masu karatunmu su nemi madadinsa. Kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa kitse ne. Kirim kuwa shi ne maiƙon nan da ke tasowa saman madara idan an ajiye ta, wanda daga gare shi ake kaɗa man shanu. Kirim mai kauri yana da maiƙo kashi 36 ko fiye, alhali madarar shanu zalla ba ta wuce kashi 3 zuwa 4 ba.

To, bari mu yi ɗan lissafi. Kowane giram na maiƙo yana ba da kalori 9, na sitaci da na furotin kuwa 4 kacal. Kofi ɗaya na kirim, wato mililita 240, yana da kalori wajen 800, kofin madara kuma wajen 150. Amma ba yawan kalori ne babban abin dubawa ba, irin maiƙon ne. Maiƙo iri biyu ne a dunƙule. Akwai mai daskarewa idan ya huce, kamar kitsen dabba da man shanu, akwai kuma wanda ke zama ruwa-ruwa, kamar man gyaɗa da man zaitun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada maiƙo mai daskarewa ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin da mutum ke ci a yini. Ga mai cin kalori 2,000, wannan na nufin giram 22 ke nan, domin 200 a raba da 9 ya ba da 22 da 'yan kai. A tukunyar mutum shida da aka sa wa sosej giram 450 da kofin kirim ɗaya, sosej zai kawo kusan giram 50 na irin wannan maiƙo, kirim kuma wajen 55. Idan aka raba 105 gida shida, kowane kwano ya tashi da giram 17 ko sama. Wato kwano ɗaya ya cinye kashi uku cikin huɗu na rabon yini, tun ba a taɓa burodin da ake haɗawa da shi ba.

Me wannan maiƙo ke yi a jiki? A jikin ƙwayoyin halittar hanta akwai waɗansu 'yan ƙofofi masu kama kolestarol irin na LDL daga cikin jini su shigar da shi ciki. Masana biyu 'yan Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, su ne suka gano waɗannan ƙofofi, aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1985. Yawan cin maiƙo mai daskarewa yana rage aikin ƙofofin, sai LDL ya taru a jini, a hankali yana maƙalewa a bangon jijiyoyi yana ƙuntata hanyar jini. Ba a kwana ɗaya abin ke faruwa ba, aikin shekaru ne, kuma yakan soma tun mutum yana saurayi bai san ana yi ba. Wannan ne dalilin da ya sa zancen ya shafi ɗalibin sakandare kamar yadda ya shafi malaminsa.

Sai gishiri. Kashi 40 cikin ɗari na gishiri sodiyam ne, shi kuwa sodiyam yana riƙe ruwa a jiki. Idan ya yi yawa, ruwan jini ya ƙaru, ƙoda ta sha aiki, matsin jini a jijiyoyi ya hau. Shawarar Hukumar Lafiya ita ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi. Sosej giram 450 shi kaɗai yana iya ɗauke da gishirin da ya kai giram 8, ga kuma na dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa a romo. Har ila yau, a 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar da ke birnin Liyon na Faransa ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko sinadaran adanawa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji na hanji, ta ce cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin da kimanin kashi 18 cikin ɗari. A lura, an ce kullum. Wanda ya ci sau ɗaya a wata bai kamata ya tayar da hankalinsa ba.

Yadda dankali ke yin aikin kirim

Nan ne ilimin ya fi armashi. Abin da harshe ke ji ya kira shi "kauri" ko "santsi" ba lallai ne ya fito daga maiƙo ba. A cikin ƙwayoyin halittar dankali akwai ƙananan ƙwayoyin sitaci cunkushe, masu ɗauke da sinadarai biyu, amilos da amilofektin. A ruwan sanyi ba sa narkewa. Amma da zarar zafi ya kai digiri 60 zuwa 65 a ma'aunin santigireti, sai su soma shan ruwa suna kumbura, amilos ya tsiyayo waje ya yi wata irin saƙa da ke riƙe ruwan. Wannan shi ne abin da ke faruwa idan an dama koko ko kunu. Saboda haka idan dankalin ya nuna, sai a tsame kashi ɗaya cikin uku, a murƙushe shi da bayan ludayi tare da ɗan romo, a mayar cikin tukunya. Nan take romon zai yi kauri. Wanda ya ƙara da dafaffen farin wake kofi ɗaya, shi ma a murƙushe, ya fi kowa dabara a ganina, domin ya sami furotin, ya kuma sami harzar abinci mai narkewa a ruwa, wadda ke kama ruwan matsarmama a hanji ta fita da shi. Ita kuwa hanta da kolestarol take yin ruwan matsarmama, don haka sai ta jawo wani daga jini ta cike gurbin.

Sai dai kada a wuce gona da iri wajen murƙushewa. Idan aka daɗe ana markaɗa dankali a na'ura, ƙwayoyin suna fashewa gaba ɗaya, miyar ta yi danƙo kamar ƙaro.

Da an sami kauri, sauran farin launi da ɗanɗanon madara, kuma kofi ɗaya na madara zalla ya wadatar. Amma a nan ne masu girki da dama ke shan mamaki, don sai su ga madarar ta tsinke ta yi gudaji-gudaji, abin da kirim ba ya yi. Dalili kuwa shi ne furotin ɗin madara mai suna kasin. Zafi mai yawa da tsami da gishiri suna sa ƙwayoyinsa su manne da juna, kamar dai yadda ruwan waken suya ke haɗewa idan an zuba masa ruwan tsami wajen yin awara. A cikin kirim maiƙo ya yi yawa furotin ya yi kaɗan, shi ya sa yake jure tafasa. Maganin abin a madara guda biyu ne: a riga an murƙushe dankalin, domin sitaci yana shiga tsakanin ƙwayoyin kasin ya hana su haɗuwa, sannan a rage wuta kafin a zuba, kada a bar tukunyar ta sake tafasa. Mai son amfani da kindirmo, wanda dama yana da tsami, sai ya sauke tukunyar tukuna, ko ya sa cokali ɗaya a kwanon kowa.

Naman kuma fa?

Ƙamshin da ke bambanta sosej na Italiya daga sauran ba daga naman yake ba, daga ƙwayar fenel yake, wadda Larabawa ke kira shamar, tare da tafarnuwa da masoro da barkono. Don haka sai a sami tsokar kaza ko ta talotalo da aka cire wa fata, ko jan naman sa marar kitse, giram 450, a niƙa, a cuɗa da waɗannan kayan ƙamshi da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a ajiye a firji na ɗan lokaci. Ba a bukatar hanji, dama a wannan miya wargaza sosej ɗin ake yi.

Tunda an cire kitse, dole a nemo ɗanɗano ta wata hanya, kuma hanyar ita ce suya. A zuba man zaitun ko na gyaɗa babban cokali biyu, a bar shi ya yi zafi, a baza naman, kada a juya sai ƙasansa ya yi ja. Abin da ke faruwa a lokacin wani Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ne ya fara bayyana shi a 1912: furotin da sukari suna haɗuwa a zafin da ya haura digiri 140 su haifar da ɗaruruwan sinadarai masu ƙamshi. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, don haka naman da aka jefa cikin romo kai tsaye ba zai taɓa samun wannan ƙamshi ba. Ƙanzon da ya kama a gindin tukunya ma kada a zubar, a zuba romo a kankare shi ya narke a ciki. Niƙaƙƙen naman kaza yana bukatar zafin cikinsa ya kai digiri 74 kafin a amince ƙwayoyin cuta irin su salmonela sun mutu.

Yanzu a sake lissafi. Tsokar kaza giram 450 ba za ta wuce giram 5 na maiƙo mai daskarewa ba, kofin madara wajen 5, man zaitun cokali biyu wajen 4. Jimla 14, a raba shida, kowane kwano bai kai giram 3 ba, inda ɗazu yake 17. Ba na goyon bayan masu cire mai ɗungurungum. Bitamin K da sinadarin karotin da jiki ke mayarwa bitamin A, waɗanda ke cikin ganye, a mai suke narkewa, kuma hanji ya fi tsotsarsu idan akwai ɗan maiƙo a abincin.

Ganyen kel da kabeji jinsi ɗaya ne, Brassica oleracea, don haka kabejin da ake nomawa a Filato tare da dankalin Turawa zai tsaya a madadinsa, haka ma alayyafo. A zuba shi minti biyar kafin a sauke, saboda zafi mai tsawo yana lalata bitamin C. Dankalin a wanke shi sosai a bar masa ɓawonsa, amma duk inda ya yi kore ko ya tsiro a yanke a yar, domin a nan ne gubar solanin ke taruwa, kuma tafasa ba ta kashe ta. Idan an ɗanɗana an ji kamar gishiri bai ji ba, a gwada matsa ɗan lemon tsami a kwano kafin a kai hannu ga gishiri. Harshe kan saba da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni.

Gwaji a aji

Malami zai iya nuna mafi yawan abin da aka faɗa da kayan da ba su fi ƙarfin makaranta ba. A goge ɗanyen dankali, a tace ruwansa, a bar farin garin ya kwanta. A ɗiga ruwan aidin a kan ɗan kaɗan, zai koma shuɗi mai duhu, alamar sitaci ke nan. A duba wani a madubin ƙara girma, ɗalibai su zana siffar ƙwayoyin, masu kama da ƙwai. Sannan a dama sauran da ruwa a ɗora a wuta da ma'aunin zafi a ciki, kowa ya rubuta digirin da ya ga ruwan ya fara kauri, a sake dubawa a madubi a kwatanta da zanen farko.

Don gwajin kasin, a sami kofi biyu na madara mai zafi, ɗaya zalla, ɗaya an dama masa cokali biyu na dafaffen sitacin nan. A riƙa ɗiga ruwan lemon tsami ɗigo-ɗigo a kowanne ana motsawa ana ƙirgawa, a rubuta abin da aka gani a kowane kofi bayan ɗigo biyar, da goma, da ashirin.