Yadda Ake Koya wa Kwikwiyo Makwanci da Wurin Kashi

A Gwaska da sauran ƙauyukan bakin dajin Birnin Gwari ba a ajiye kare don ado. Aikinsa ya kori birai daga gonar masara, ya bi mafarauci, ya yi haushi da dare idan wani abu ya motsa a bayan danga. Malamai ma sun halatta riƙe shi don farauta da kiwo da gadin gona. Abin da ke raba kare da gida yawanci ƙazanta ce. Kwikwiyo ya tsuguna inda ake shanya hatsi, ko dab da inda ake shimfiɗa tabarmar sallah, uwargida ta ce ko ita ko shi. Sai a kora shi waje ya tashi a juji, ba gadi ba farauta. Kulawar 'yan makonni ta isa ta hana wannan.

Da farko, kada ka raba shi da uwarsa kafin ya cika mako 8. Wanda aka ɗauke da wuri ya fi kuka, ya fi cizo, ya fi saurin kamuwa da ciwo.

Kafin ka kawo shi, ka haɗa masa akurki. Kare da halinsa yake zuwa duniya: ba ya son ɓata inda yake kwana, kuma a kan wannan hali duk horon ya dogara. Katako da waya irin ta akurkin kaji sun wadatar. Girmansa shi ne abin lura. Ya zama kwikwiyon zai iya miƙewa tsaye, ya juya, ya kwanta ya baje ƙafafu, shi ke nan. In ya wuce haka, zai kwana a lungu ɗaya ya yi fitsari a ɗayan, ka ga an yi ba a yi ba. Idan ka yi babba don gaba, sa katako ka raba, kana matsar da shi yadda kwikwiyon ke girma.

Ka ajiye akurkin a inuwa, kusa da zaure ko gindin rumbu, inda kwikwiyon zai riƙa jin muryar mutanen gida. Ɗaga ƙasansa kamar taƙi guda saboda ruwan damina da kunama, ka zagaye ƙafafun da toka saboda kwarkwasa, don ayarinsu na iya halaka kwikwiyon da ke kulle. Rufin ciyawa ya fi na kwano, wanda ke gasa abin da ke ƙarƙashinsa da bazara. Shimfiɗa masa tsohon buhu, da hunturu kuma ka rufe ɓangaren da iska ke bugowa.

Kada ka cusa kwikwiyon ciki da ƙarfi. Ajiye abincinsa a bakin ƙofa, gobe a ciki kaɗan, jibi can ƙurya, ƙofa a buɗe. In ya fara shiga da kansa, rufe yayin da yake ci, ka buɗe da ya gama. Sannan ka riƙa ƙara lokacin. Ka gaya wa yara da babbar murya cewa akurkin nan ba kurkuku ba ne, ba a jefa shi ciki don ya yi laifi, ba a tsokanarsa da kara ta ramin waya.

Sai wurin kashi. Zaɓi wuri ɗaya tak, nesa da rijiya da madafa da wurin shanya, kuma kada ka sauya shi. Kwikwiyo yakan matsu ne da zarar ya farka, da bayan ya ci, da bayan ya yi guje-guje. Iya riƙonsa kuwa, a kimance, awa guda ce ga kowane wata na haihuwarsa: ɗan wata 2 ba zai wuce awa 2 da rana ba, komai wayonsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗaura fitar da shi a kan lokutan sallah, tun da su ba a mantawa: asuba kafin ka yi alwala, azahar, la'asar, magariba, bayan isha'i. A tsakaninsu, musamman daga hantsi zuwa azahar, a sa yaro mai hankali ya ƙara kai shi. Da asuba ɗauke shi za ka yi cak har wurin, domin in ka bar shi ya taka, a hanya zai sake.

In kun isa, ka tsaya shiru, ka ce masa kalma ɗaya, misali "yi", kullum ita. Da ya gama, nan take ka shafa kansa, ka ba shi guntun busasshen kifi ko ɗan ƙanzo. Nan take nake nufi. In ka bari sai kun dawo zaure, shi a ganinsa ladan dawowa zaure ka ba shi. In kun daɗe bai yi ba, mayar da shi akurki, bayan kwatan awa ku sake gwadawa.

Daren farko zai yi kuka har ya hana gida barci. Tashi ka kai shi wurinsa sau ɗaya ko biyu, ba wasa ba magana, ka mayar. Sauran kukan na kewar uwa ne, tsumman da ya ɗauki warinta yana rage shi.

Zai yi ɓarna, wannan babu makawa. In ka ga yana sunsuna ƙasa yana zagaye, sure shi ka fita da shi. In kuwa ka tarar ya riga ya yi, bakin alƙalami ya bushe. Duka da goga masa hanci a kashin ba sa koya masa komai sai tsoronka, gobe ya je bayan randa ya yi a ɓoye. Ina jin takaicin wannan ɗabi'a ƙwarai, domin karen da ya tashi yana maƙe wutsiya in an ɗaga hannu ba zai tsaya gaban gwaggon biri a gona ba. Kwashe ƙasar wurin da ta jiƙe, ka zuba toka. In siminti ne, wanke da sabulu sosai, don warin da ya rage shi ke kiransa ya dawo. A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne, kuma ƙwaryar da ya yi lasa a ciki sau 7 ake wankewa. Saboda haka ka ware masa kaskonsa na ci da na sha tun ranar farko.

Abinci sau 3 ko 4 a rana, a lokaci sananne, abin da ya rage a ɗauke. Wanda ke ci a kan lokaci a kan lokaci yake kashi. Tuwo zalla ba ya gina shi, a haɗa da kifi ko ƙwai ko romo marar albasa, ban da dafaffen ƙashin kaza.

Kwikwiyon da ke zawo ba ya horuwa, kuma galibin 'yan kwikwiyo da tsutsar ciki ake haihuwarsu. A ba shi maganin tsutsa duk mako 2 har ya kai wata 3, a riƙa binne kashinsa, domin ƙwan tsutsar na shiga cikin yaran da ke wasa a ƙasa. A wata 3 kuma a yi masa allurar haukan kare, a maimaita duk shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana yin wannan allura, ka tambayi malamin dabbobi a garin Birnin Gwari. Karen bakin daji yana gamuwa da dila da karnukan da ba su da mai su, cutar kuma in ta bayyana a jikin mutum ba ta da magani. In zai zama na farauta ne, ka tuna gandun Kamuku ya koma hannun gwamnatin tarayya tun 1999, farauta a cikinsa laifi ce.

Yawancin 'yan kwikwiyo suna gane wurinsu tsakanin wata 4 zuwa 6. In ya yi makonni bai ɓata tsakar gida ba, fara barin ƙofar a buɗe da rana, daga baya da dare, tun da mai gadi ba ya gadi a kulle. In ya koma yawan fitsari bayan ya saba, ko ka ga jini a kashinsa, ciwo ne, ka kai shi wurin malamin dabbobi a ranar.