Darasi na Goma Sha Biyu: Kula da Rumbun Bayanai

Ɗalibai, ku karanta wannan labari a hankali, sannan ku amsa tambayoyin da ke ƙasa.

Manomi mai hangen nesa ba ya tara hatsinsa duka a rumbu ɗaya, domin gara ko gobara na iya cinye shi. Haka ma masana kwamfuta suke tunani. A banki ko asibiti ko jami'a akwai babbar kwamfuta da ake kira saba. Ita ce ke ajiye bayanan jama'a a kan faya-fayai. To amma kowane faifai yana da ranar lalacewarsa. Idan sakamakon jarrabawarku yana kan faifai ɗaya tak, kuma ya lalace, wahalarku ta shekara shida ta shiga haɗari.

A shekarar 1988, masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, wato David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka wallafa maƙala a kan haɗa faya-fayai da yawa su yi aiki tamkar guda. Ana kiran wannan dabara RAID. Ga iri uku:

RAID 0: ana rarraba bayani a kan faya-fayai. Yana da sauri, amma idan ɗaya ya lalace, komai ya salwanta.

RAID 1: ana rubuta abu ɗaya a kan faifai biyu, kamar tagwaye.

RAID 5: yana bukatar aƙalla faifai uku, kuma yana jure lalacewar ɗaya kawai. Faifai huɗu masu terabait 2 kowanne suna ba da terabait 6, domin sauran wurin na lissafin gyara ne.

Sau da yawa saba ba ta da hotunan da ake dannawa. Mai kula da ita yakan rubuta mata umarni ne da haruffa. A manhajar Linux akwai mdadm, wadda Neil Brown ya rubuta domin wannan aiki. Kowace safiya ma'aikaci yakan fara da wannan umarni:

cat /proc/mdstat

A RAID 1, idan ya ga UU, faifan biyu lafiya lau suke. Idan ya ga U_, ɗaya ya daina aiki. Sai ya cire shi daga jerin:

mdadm /dev/md0 --remove /dev/sdb1

Bayan ya sa sabon faifai ya shirya shi, sai ya rubuta:

mdadm /dev/md0 --add /dev/sdb1

Daga nan kwamfuta za ta kwafi bayanan zuwa sabon faifan. Wannan kan ɗauki sa'o'i.

Ku lura da babban darasin. Idan faifai ɗaya ya lalace, saba tana ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru. Ma'aikaci mai sakaci ba zai sani ba sai ranar da na biyun ya bi sahu. Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka kuma, idan mutum ya goge bayani bisa kuskure, zai goge a faya-fayan duka. Saboda haka dole a ajiye kwafi a wani wuri dabam.

Ma'anar Kalmomi

Rumbu: wurin ajiye hatsi.
Salwanta: ɓacewa ko lalacewa.
Sakaci: rashin kula da aiki.
Bi sahu: yin abin da wani ya riga ya yi.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake haɗa faya-fayai da yawa?
2. Mene ne bambancin RAID 0 da RAID 1?
3. Me ma'aikaci zai yi idan ya ga U_?
4. Yaya karin maganar ƙadangare ya dace da labarin?

Aikin Gida

Ku nemo jimloli uku masu fara wa da "idan" a cikin labarin, sannan ku gina naku guda biyar.