Batirin Moto Mai Lantarki: Ajiyarsa da Ɗaukarsa

Ɗan uwa mai karatu, ka ji labarin moto da mota waɗanda ba su shan isansi. Wutar lantarki suke sha. Ana tara wutar cikin batiri, kamar yadda ake tara hatsi a rumbu.

Ga abin da ya sa na rubuta wanga darasi. Wani mai kabu-kabu da ke zuwa ajinmu na dare ya sayi irin wannan moto. Ya ce mini kullum dare yana cire batirin, ya tura shi ƙarƙashin gado, ya sa shi sharji, don tsoron ɓarayi. Matarsa da ɗiyansa uku nan suke kwana, kuma ɗakin ƙofa ɗaya gare shi. Da na ji haka, sai gabana ya faɗi.

Wane irin batiri ne?

Ba irin batirin mota da ka saba gani ba ne, mai dalma da ruwan asid. Sunansa batirin litiyom. Ɗan uwan na cikin wayarka ne, sai dai ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Na moto, mutum ɗaya na iya ɗauka. Na mota kuwa yakan kai kilo 300 ko 500, kuma wutarsa ta isa kashe mutum. In ka ga wayoyi masu launin ruwan goro cikin irin wannan mota, kar ka taɓa. Aikin gwanaye ne.

Cikin batirin akwai ƙananan batura da yawa a jere, kamar ƙwai a kwali. Cikin kowane ɗaya akwai ruwa mai kama wuta, da wata siririyar fata da ta raba ɓangare biyu. In fatar ta huje ko ta narke, ɓangarorin su haɗu, zafi ya tashi. Wannan ya ƙona na kusa da shi, shi ma ya ƙona na gaba, kamar gobarar bukkoki da hunturu.

Wutar nan ba irin ta itace ba ce. Nan da nan take cika ɗaki. Hayaƙinta guba ne. Ko an kashe ta, tana iya sake tashi bayan awoyi ko kwanaki. A birnin New York na Amurka, a shekarar 2023, irin waɗannan batura sun tada gobara 268, mutum 18 suka rasu. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abu huɗu ne ke tada wannan fitina: zafi, bugu, ruwa, da sharji marar kyau.

Yadda za ka ajiye shi

1. Nemar masa inuwa mai shan iska. Batiri ya fi son digiri 15 zuwa 25, alhali mu nan da bazara zafi na wuce 40. Kar ka bar shi a rana, ko cikin rufaffen ɗakin kwano.
2. Kar ya kwana inda mutane ke kwana. Kar ka aje shi bakin ƙofa ko cikin zaure, don in ya kama ya tare muku hanyar fita.
3. Nisanta shi da isansi, gas, katifa, kara da harawa.
4. Da damina ɗora shi bisa bulo, kar ruwa ya iske shi.
5. In ka dawo daga aiki, bar shi ya huce kamar rabin awa kafin ka sa sharji. Yi amfani da na'urar sharjin da aka sayar da shi da ita. Idonka biyu, in ya cika ka cire.
6. In zai daɗe ba aiki, bar shi da rabin wuta. Kar ya cika, kar ya ƙare ƙaf.

Yadda za ka ɗauke shi

Hukumomin duniya sun sa batirin litiyom cikin jerin kaya masu haɗari. Tun 2016 an hana loda shi a matsayin kayan sufuri cikin jirgin sama na fasinja. A jirgin kaya ma, sai wutarsa ba ta wuce kashi 30 cikin 100 ba. To, in masu jirgi na tsoronsa, ina ga mai amalanke?

Rage masa wuta kafin tafiya. Rufe bakinsa, inda wayoyi ke shiga, da salatif, kar ƙarfe ya haɗa su. Sa shi cikin akwati mai ƙarfi, ka ɗaure ya daina motsi. Kar a jefo shi daga saman mota, kar a danne shi da buhuna. A tasha gaya wa direba gaskiyar abin da ke cikin kayanka. Batirin da ya faɗi ko ya lotse kuwa, kar ya shiga motar fasinja.

In ka ga alama

In batiri ya kumbura, ko yana wari, ko yana huci, ko ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, cire sharjin. In babu hayaƙi, fitar da shi fili, nesa da komi. In hayaƙi ya soma, bar shi. Fitar da iyali, ku tsaya inda iska ba ta kawo muku hayaƙin, ka kira masu kashe gobara a lamba 18.

Wanda ya mutu, kar ka jefa shi juji, kar ka fasa don neman jan ƙarfe. Mayar wa mai sayarwa.

Mai kabu-kabun nan, yanzu maƙeri ya yi masa keji mai kwaɗo ƙarƙashin rumfa, can ƙarshen gida. Ɓarawo bai samu ba, ɗiya kuma na barci lafiya. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne ke sa batiri ya kama wuta?
2. Don mi ba a aje shi bakin ƙofa?
3. Rubuta lambar masu kashe gobara cikin littafinka.