Fangali mai gida 16

Ko mai ƙaramin fili yana iya yin garka. A shekara ta 1981, wani injiniya ɗan Amurka, Mel Bartholomew, ya bayyana dabarar cikin littafinsa.

Mai garka yana gyara fangali mai tsawon santimita 120, faɗinsa ma 120. Yana raba shi da igiya gida 16. Kowane gefen gida santimita 30 ne. Hannu yana kaiwa tsakiya, ba sai an taka ƙasar ba.

Girman shuka ke nuna yawan da gida zai ɗauka. Shu yana buɗewa sosai, sai a dasa 1 tak. Tumati ma haka. Salati 4, wake 9, karoti 16.

Idan aka cunkusa shuka, ruwa da taki da hasken rana ba su isar ta. Shu ba ya dunƙulewa, karoti ya fito siriri, wahala ta tafi a banza.

Bayan girbi, ana ƙara taki, a shuka wani iri dabam a gidan.

Tambayoyi
1. Salati nawa gida 3 za su ɗauka?
2. Don me ba a cunkusa shuka?