Takardarka a Waya: Yadda Za Ka Tura Ta Ta Isa Lafiya

Sana'ata buga takardu da cike wa mutane fom ta intanet. Shagona yana Jega, amma da yawa daga masu zuwa wurina ba 'yan cikin gari ba ne. Akwai ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, da ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta nan Jega, da dillalan albasa, da malaman makaranta daga Maiyama da Andarai da Sambawa da ke zuwa idan an buɗe tantance ma'aikata. Kusan duk wanda ya shigo ransa a ɓace, sabis yake ɗora wa laifi. Sabis yana da nasa laifin, ba na wanke shi. Amma abin da nake gani a kan teburina kullum shi ne, yawancin takardun da ake dawo wa mutane da su tun a hannun mai turawa suka lalace, kuma gyaran bai wuce aikin minti biyu ba. Yana yi mini ciwo in ga yaro ya biya kuɗin mota daga ƙauye, ya dawo sau biyu, ko ma a rufe rajista bai shiga ba, a kan abin da wani zai iya nuna masa a tsaye.

Hoto ne ya fi ba mu wahala. Mutum zai shimfiɗa takardar sakamakon jarrabawarsa a kan katifa da dare, ya haska ta da fitilar wata wayar, ya ɗauka a karkace, inuwar hannunsa ta rufe lambar jarrabawa, sannan ya turo ya ce, “Malam, ga shi nan na turo ma.” In na buɗe a kwamfuta, sunan ma da ƙyar ake karanta shi. Ɗauki hoton takarda da rana, a inuwa mai haske, ba cikin tsakar rana ba, domin takardar da aka liƙa wa leda tana ƙyalli. Ajiye ta a kan abu mai faɗi, ka goge idon kyamara da gefen riga, musamman lokacin hunturu da ƙura ke hawa kan komai, ka tsayar da wayar daidai saman takardar, kusurwoyi huɗu duk su fito. In wayarka tana da manhajar Google Drive, a ciki akwai wurin sikanin da ke miƙar da takardar, ya yanke gefe, ya mayar da ita PDF.

Sai yadda ake turawa, kuma a nan ne har masu ilimi ke tuntuɓe. Idan ka tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar tana matse shi don kada ya ci data, ƙananan rubutu kuma su ne na farko da ke dusashewa. In mutum ya ɗauki hoton fuskar waya na wannan hoton ya sake turawa, ya ƙara masa lalacewa. Na sha karɓar takardar da ta bi waya uku ko huɗu kafin ta iso gare ni, hatimin da ke jikinta ya koma dunƙulen baƙi. Maganin yana nan cikin manhajar: danna alamar maƙala abu, ka zaɓi inda aka rubuta Document, ka ɗauko hoton ta can. Haka zai isa yadda ka ɗauke shi, ba a rage masa komai ba. Tun 2022 wannan hanya tana ɗaukar fayil har gigabayit 2, saboda haka ba wata takardar makaranta da za ta fi ƙarfinta. Imel na Gmail kuwa megabayit 25 ne iyakar abin da ake maƙala masa. Abin da ya wuce haka sai a ɗora shi a Google Drive a aika da linki.

Shafukan rajista kuma akasin haka suke so. Hoton da wayar zamani ke ɗauka yakan kai megabayit 3 ko fiye, alhali shafuka da yawa ba sa karɓar fasfo ko takarda sai an rage ta zuwa 'yan kilobayit, megabayit ɗaya kuwa kilobayit dubu ne. Shi ya sa za ka ga ɗalibi yana danna wuri ɗaya har ya gaji yana cewa “wanga abu ya ƙi shiga”, alhali a ƙasan akwatin an rubuta girman da ake so da irin fayil ɗin. Karanta wannan layin kafin komai. Masu iPhone su ƙara lura: wayarsu takan ajiye hoto a tsarin HEIC, shafuka da yawa kuwa JPEG suka sani. Shawarata ga duk mai hulɗa da JAMB ko NECO ko WAEC, ko mai shirin bautar ƙasa, ko mai neman lamunin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024, ita ce ya ajiye kowace takarda kashi biyu: babba mai tsabta don bugawa, da ƙarama don ɗorawa. Daga babba ana fitar da ƙarama a kowane lokaci. Daga ƙarama ba a dawo da babba.

Ba na gajiya da maganar sunan fayil. Dillalin albasa a Aliero ba ya yarda a ɗora buhunsa a mota zuwa Legas ko Anacha ba tare da alamarsa a jiki ba, amma ɗansa da ke jami'a zai tura wa malami aikinsa da sunan da waya ta ba shi, jerin lambobi da ba wanda ya san na wane ne. Malamin da ɗalibai ɗari suka turo wa aiki, yaya zai gane naka? Sa sunanka, da abin da takardar take, da shekara. In gyara ka yi, ƙara kwanan wata a ƙarshen sunan, kada ka tara fayil biyar duk suna “na ƙarshe”. Na ga ɗalibar da aka buga wa furojet, aka ɗinke, aka yi bango, sai daga baya ta gane tsohon da ba a gyara ba ne ta turo. Kuɗin takarda da tawada ya tafi, sai da aka sake komai daga farko.

Abin da ka gama rubutawa, wanda ba ka son a taɓa, mayar da shi PDF kafin ka tura. Kamfanin Adobe ya fito da wannan tsari a 1993 don takarda ta fito iri ɗaya a kowace na'ura. Fayil ɗin Word kuwa yana bin halin kwamfutar da aka buɗe shi: shafi ya goce, tebur ya wargaje, kan magana ya koma ƙasan shafi. Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin dalili. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da salon haruffa na Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ba mu damar buga ƙ da ɗ da ɓ a lokacin da kwamfuta ba ta san su ba, kuma sun yi wa madaba'un Arewa aiki mai yawa. Sai dai rubutun da aka yi da su, in ya sauka a na'urar da ba ta da su, haruffa masu ƙugiya sukan koma alamomin baka. Har yau irin waɗannan takardu suna zuwa mini. Yanzu allon rubutu na Gboard yana da Hausa, haruffan kuma suna fitowa daidai a kusan kowace waya. Shiga saitinsa ka ƙara harshen, aikin minti ɗaya ne.

Tsara sanarwa wani fanni ne da aka raina, alhali shi ya fi shafar jama'a. Sanarwar ɗaurin aure, ta jana'iza, ta taron ƙungiyar manoma, ta cigiyar yaro, duk yanzu ta waya suke yawo. Babbar illar da nake gani ita ce kalmar “gobe”. Ka rubuta “gobe da ƙarfe goma” ranar Talata, saƙon ya yi ta zagaya zaurukan WhatsApp har Alhamis, wani dattijo ya tashi daga Maiyama ya zo ya tarar an watse tun jiya. Rubuta rana, da kwanan wata, da shekara, da wuri, a layukan farko. Cigiya ta fi kowace sanarwa buƙatar wannan, domin hoton yaron da aka gani tun bara yakan dawo yana yawo, mutane suna ta kiran iyayensa suna tayar musu da tsohon tashin hankali. In an samu yaron, wanda ya sanar da ɓatansa shi ke da alhakin komawa ya sanar an gan shi. Haka farashi. Kuɗin buhun albasa a lokacin kaka daban ne da na lokacin da ta yi ƙaranci, don haka hoton kaya da farashi babu kwanan wata rigima ce ka ajiye wa kanka da mai saye. Mai aika saƙon murya, don waɗanda ba sa karatu, shi ma ya fara da faɗin sunansa da ranar da yake magana.

Facebook yana yanke dogon rubutu bayan 'yan layuka, sai wanda ya danna ne zai ga sauran. Gaisuwa al'adarmu ce, ban ce a bar ta ba, amma sallama ɗaya ta isa, sai a shiga magana. A raba rubutu sakin layi-sakin layi, a bar fili tsakaninsu. A WhatsApp, tauraro a gaba da bayan kalma yana kaurara ta. Yi amfani da shi a kan rana da wuri kawai, domin in komai ya yi kauri ba abin da ido zai kama. Haruffan ado da samari ke kwafowa suna ƙawata suna da su, tsofaffin wayoyi akwatuna suke nunawa a madadinsu, manhajar da ke karanta wa makafi rubutu kuma ba ta iya furta su yadda ya kamata. In ka yi kuskure, WhatsApp yana ba ka minti 15 ka gyara saƙo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne takardun sirri. Shugaban aji ya ce kowa ya turo katin NIN a zaure, mutum sittin su zuba, kowa yana ganin na kowa. Lambobin nan 11, da ranar haihuwa, da hoto, da lambar waya, kayan aikin ɗan damfara ne, musamman tun Disamba 2020 da aka ce a haɗa layin waya da NIN. In dole ne a tura, a tura wa mutum ɗaya kai tsaye, a kuma tambayi dalili. BVN da sakamakon gwajin asibiti ba su da wurin zama a zaure ko kaɗan. Kada ka dogara da gogewa daga baya; wanda ya riga ya sauke ya sauke. Fayil ɗin da sunansa ya ƙare da apk, aka ce katin gayyata ne ko fom ɗin tallafin gwamnati, manhaja ce ba takarda ba, kada ka buɗe. Lambobi shida da WhatsApp ke aiko maka ba a karanta wa kowa su, ko da ya ce daga ƙungiyarku yake kira. 'Yan kasuwa kuma, Alhaji, hoton risit ba kuɗi ba ne. Ana ƙirƙirarsa cikin sauƙi. Duba asusunka da kanka kafin motar kaya ta tashi.

Ajiya kuma kada ta tsaya a waya ɗaya. Waya tana faɗawa ruwa a fadama, ana sace ta a kasuwa. Bayan ambaliyar 2020 da ta yi ɓarna a jihar Kebbi, ba shinkafa kaɗai mutane suka rasa ba, har da takardun da ke cikin akwati. Kowane asusun Google yana da gigabayit 15 kyauta, ya ishi takardun gida guda. Ɗora su, ka haddace kalmar sirrinka, kada ta zama mai shago ne kaɗai ya san ta.

'Yan'uwana masu shago a Jega da Aliero da Maiyama, rabin wannan nauyi a wuyanmu yake. Kwamfutocinmu cike suke da fasfo da katin shaida da takardun haihuwa na mutanen da suka amince da mu, mata da 'yan mata a ciki. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora alhaki a kan masu riƙe bayanan wasu, kafin ita ma addini ya kira shi amana. In an gama aiki, a goge fayil ɗin a gaban mai shi, a shiga kwandon sharar kwamfuta a sake gogewa, a duba har wayar shago da aka karɓi saƙon da ita. Wanda ya buɗe WhatsApp ko imel ɗinsa a kwamfutarmu, mu tabbata ya fita kafin ya tashi daga kujera, mu kuma nuna masa inda zai duba na'urorin da ke haɗe da asusunsa. Yaran da muke koya wa aiki, mu fara musu da wannan tun makon farko, kafin mu ba su firinta.