Magungunan Gaggawa Biyu: Na Asma da Na Hana Ɗaukar Ciki

A garin Gulma da sauran garuruwan fadamar Rima, daga Argungu har Birnin Kabi, lokacin girbin shinkafa yakan zo daidai da shigowar hunturu. Ƙaiƙayi da ƙura da hayaƙin bandar kifi sukan haɗu su tayar wa masu asma ciwonsu. A irin wannan hali ne ake neman maganin shaƙa. Akwai kuma wani magani da ake kira na gaggawa, wato ƙwayar hana ɗaukar ciki bayan saduwa. Kwatanta su zai nuna wa ɗalibi yadda lokaci yake iko da aikin magani a jiki.

Maganin asma

Bututun iska na cikin huhu kewaye suke da tsoka. Idan asma ta tashi, tsokar takan matse, bangon bututun ya kumbura, majina ta taru, sai numfashi ya riƙa fita da shessheƙa. Salbutamol, wanda aka ƙirƙiro a Ingila a 1966, aka kuma fara sayarwa da sunan Ventolin a 1969, yakan sa tsokar ta saki. Cikin kamar minti 5 mutum zai ji sauƙi, aikinsa kuma yakan kai awa 4 zuwa 6. Sai dai ba ya taɓa kumburin, wanda shi ne tushen ciwon.

Ƙwayar gaggawa

Ƙwayoyin maniyyi suna iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace, ƙwanta kuwa ba ya wuce awa 24 bayan ya fito. Saboda haka, ba lalle ne ciki ya shiga a ranar saduwa ba. Wannan rata ita ce ƙwayar take amfani da ita. Sinadarinta, lebonojestarel, wanda yake cikin Postinor-2, yakan jinkirta fitar ƙwan har maniyyin ya mutu. Miligiram 1.5 ake sha cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin sha, gwargwadon amfaninsa. Wani babban bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya a 1998 ya nuna ya fi tsohuwar hanyar likita Yuzpe na Kanada inganci, kuma bai kai ta sa amai ba. Likitoci kan ba da shi ga matar auren da ta manta maganin tazarar haihuwa, da kuma wadda aka yi wa fyaɗe.

Inda suka bambanta

Salbutamol yana warware abin da ya riga ya auku. Ƙwayar kuwa tana tare abin da bai auku ba tukuna. Idan ƙwai ya riga ya fito, ta makara. Idan ciki ya shiga, ba ta zubar da shi. Ke nan kuskure ne a kira ta maganin zubar da ciki. Ba ta kuma kare mutum daga cutar ƙanjamau ko sanyi.

Inda suka haɗu

Dukansu biyu ba na dogaro ba ne. Mai asmar da yake neman maganin shaƙa fiye da sau 2 a mako, ciwonsa bai kwanta ba. Tun 2019 masana asma na duniya suka daina ba da shawarar amfani da salbutamol shi kaɗai, sai an haɗa da maganin shaƙa mai rage kumburi, domin dogaro da shi yana ƙara haɗarin mutuwa. Haka ma ƙwayar gaggawa ba ta kai hanyoyin tazarar haihuwa na yau da kullum inganci ba.

Ya kamata malami ya sani cewa idan ɗalibi ya shaƙi magani bai ji sauƙi ba, ko ya kasa gama jumla saboda haki, to a zaunar da shi a miƙe, a ci gaba da ba shi maganin, a garzaya da shi asibiti. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, amma idan rigakafi ya kuɓuce, da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.