Tripartite: uku ne, amma uku na me?

Ranar 30 ga Janairun 2024 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar da kwamitin duba mafi ƙarancin albashi a Najeriya, ƙarƙashin jagorancin Bukar Goni Aji. Jaridun Turanci suka yi ta kiransa tripartite committee. Mai fassarar da lokacin labarai ya matsa wa, da zarar ya hango "tri" a bakin kalmar, hannunsa na iya zarcewa ya rubuta "kwamitin mutum uku". Alhali mutum 37 ne a ciki. Ukun da ake nufi ɓangarori ne: gwamnati, ƙungiyoyin ƙwadago da masu ɗaukar ma'aikata. Su ne suka sha ja-in-ja kafin a tsaya a kan naira 70,000 a watan Yuli.

Kalmar daga Latin ta fito. "Tri" na nufin uku, "partitus" kuma abin da aka raba. Wato abu ɗaya ne da aka kasa uku, ko kuwa magana ɗaya da ɓangarori uku suka ɗaura. A Ingila ta dā, idan mutum uku za su ƙulla yarjejeniya, akan rubuta ta sau uku a jikin fata guda, a yanka da wuƙa a karkace kamar haƙoran zarto, kowa ya tafi da rabonsa. Ranar da rigima ta tashi sai a haɗa yankunan. Wanda bakinsa bai dace da sauran ba, jabu ne. A 1405 Owain Glyndŵr da Edmund Mortimer da Henry Percy sun ƙulla yarjejeniya mai ɗauke da sunan tripartite, da niyyar raba Ingila da Wales a tsakaninsu, sai dai shirin bai kai ko'ina ba.

A harkar albashi kuwa, salon ya samo tushe ne daga Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da aka kafa a 1919. A babban taronta na Janeba kowace ƙasa tana tura wakilai huɗu: biyu na gwamnati, ɗaya na ma'aikata, ɗaya na masu ɗaukar aiki. Kujeru huɗu, ɓangarori uku. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba kawuna ake ƙirgawa ba. Bahaushe zai fi saurin ganewa idan ya tuna murhu: duwatsu uku ne ke riƙe tukunya, kowane da gurbinsa, ko da wani ya fi wani girma.

To me ya kamata mai fassara ya yi? Kafin ya ɗora alƙalami, ya nemo sunayen ukun ya lissafa su da yatsa. Idan duk ƙasashe ne, kamar Jamus da Italiya da Japan da suka sa hannu a Balin ranar 27 ga Satumban 1940, "yarjejeniyar ƙasashe uku" ta zauna daidai. Haka ma farmakin da Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka kai wa Masar a 1956 kan mashigin Suwez, harin ƙasashe uku ne.

Amma a nan ne ake yawan zamewa. A watan Maris na 2017 Najeriya da Kamaru sun sa hannu kan yarjejeniyar mayar da 'yan gudun hijira gida bisa son ransu, na ukunsu kuwa hukumar kula da 'yan gudun hijira ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Hukuma ba ƙasa ba ce. Wanda ya ce "ƙasashe uku" ya sa mai sauraro a Maiduguri yana neman ƙasar da babu ita, a kan maganar da ta shafi 'yan uwansa da ke sansanin Minawawo a Kamaru. "Yarjejeniyar ɓangarori uku" ce ta dace, kuma gara a ambaci sunayensu a jimlar da ke biye.

Idan kuma abu ɗaya aka kasa, kamar yadda Aflatun ya kasa ran ɗan Adam zuwa hankali da zuciya da sha'awa, sai a ce "mai kashi uku". A guji "ninki uku" gaba ɗaya, domin wannan maganar ƙari ce, kalmar kuwa ta rabo ce.